Korau da Ƙullin Allura

An gama cin tuwo, an tattara kwanuka. Gwaggo Hakama ta jawo tabarmarta tsakar gida, ta miƙe ƙafafu. Yara suka zagaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu kusa.

Ta ce, "To, a daina ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku, yau doguwa na ɗauko."

Suka ce, "Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mun kasa kunne."

Wani mutum ne wai shi Korau, a wani ƙauye da ake kira Tungar Kanya. Ubansa ya rasu ya bar masa garken awaki da jaki guda. Yana da mata, Tsahara, da 'yarsu ƙarama, Yalwa. Akwai kuma kakarsa wadda ta haifi ubansa, ana ce mata Daso. Ta tsufa tukuf, sai da sanda take tashi.

Korau ba mugu ba ne. Ba ya zagi, ba ya rowa. Ciwonsa ɗaya, ba ya sa abu mai maho.

Wata yarinya ta ce, "Gwaggo, mene ne maho?"

"Faci mana, irin wanda ke gwiwar wandon yayanki. Yi shiru ki ji."

In riga ta yage, ko da kamar tsawon farce ne, sai Korau ya jefa ta bayan danga. Sai ya ja akuya kasuwa, ya dawo da sabuwa. In takalmi ya tsinke, sai wata akuyar. In buhu ya ɓarke, sai wata. Ita kuwa Daso sai ta lallaɓa bayan danga, ta sa sanda ta jawo abin da ya yar. Mijinta marigayi baduku ne, mai ɗinkin fata, a wurinsa ta koyi riƙon allura. Ba abin da ke shiga ɗakinta a yage ya fito a yage.

Kun san wasan kaka da jika. Sai ta ce masa, "Maigidana, awakin nan fa raguwa suke yi. Rigar nan da ka yar, suka biyar take nema ta koma daidai."

Sai ya ce, "Ke tsohuwa, ƙyale ni. Maho na matsiyata ne. In fita dandali da shi a ce na talauce?"

Sai ta ce, "To, Allah ya sa kada a faɗa."

Ana nan, wata damina sai kurkunu ya kama Korau, ciwon nan da tsutsa ke fitowa a ƙafa. Ƙafa ta kumbura suntum. Ba gona, ba kasuwa, ba dandali. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Makon farko abokai suka yi ta zuwa gaisuwa. Daga nan noma ya ɗauke kowa. Tsahara ma tana gona. Sai shi, sai ƙudaje, sai tsohuwa a gefe da tsummokaranta.

Ran nan sai Daso ta ce, "Maigidana, idona ya ƙi ganin kafar allura. Zura mini zare."

Ya ce, "Zurawa kaɗai fa."

Ta ce, "Kaɗai."

Ya zura.

Washegari ta ce, "Maigidana, hannuna na rawa. Basillar nan ta ƙi ratsa fata. Ja mini." Basilla ita ce babbar allura ta ɗinkin fata da buhu.

Ya ce, "Ja kaɗai fa."

Ta ce, "Kaɗai."

Ya ja.

Rana ta uku ta ce, "Wayyo bayana! Ƙarasa mini ɗinkin nan, saura kaɗan."

Korau ya duba dama, ya duba hagu, ba kowa. Zaman banza kuwa ya ishe shi. Ya ce, "Kawo. Amma in kika gaya wa wani, na sake ki."

Ta ce, "Dama wa zai riƙe miji mai ƙafa ɗaya?"

Ya karɓa ya ɗinka. Ta shafa da hannu, sai yatsanta ya zurma tsakanin zare da zare. Ta ce, "Wannan ai ɗan tsako ma sai ya bi ta ciki. Warware." Ya warware, ya sake. Ta ja bakin biyu, ɗinki ya buɗe baki. Ta ce, "Warware." Ransa ya ɓaci, ya jefar da tsumman. Ta sa sanda ta jawo, ta ɗora masa a cinya, ta kama waƙa:

"Soka nan, ɓullo can,
Ja zare, kar ka tsinka,
Kusa da kusa, ɗan jikana,
Kamar sawun tururuwa."

Ya yi dariya, ya sake ɗauka. Wannan karon ta ja, ta ja, ɗinki bai motsa ba. Ta ce, "Yauwa. Gobe sai fata."

Wata uku yana kwance. A cikinsu ta koya masa naɗe bakin yadi don kada ya zare. Ta koya masa murza zare da kakin zuma don ya yi ƙarfi. Ta koya masa jiƙa fata kafin a soke ta, da ɗinki mai layi biyu wanda ruwa ba ya bi. Da ƙafa ta warke, sai Korau ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya nufi dandali. Bai sake kallon allura ba.

Shekara ta zagayo, gero ya yi kai, kowa na murna. Sai fara ta sauka. Kwana biyu ta yi. Da ta tashi, ba a bar ko ganye ba sai kara tsaye. Aka ci abin da ke rumbu. Aka ci iri. Aka koma cin ganyen tafasa da dusa. Kafin bazara, yara sun daina wasa a ƙofar gida. Yalwa, wadda bakinta ba ya rufuwa don surutu, ta koma sai kallo.

Mai gari ya tara mutane. Ya ce, "An ce akwai hatsi a Bakin Gulbi. Za mu haɗa sauran awakin garin nan a kai a musanya. Wa zai je?"

Aka zaɓi mutum uku masu jakuna. Jatau maƙeri, mai saurin fushi da son taba. Dogo manomi, mai saurin karaya. Sai Korau. Garken nan na ubansa, da aka zo fitarwa, akuya huɗu ta rage. Ya tsaya yana kallonsu.

Da safe za su tashi, Daso ta kira shi ɗaki. Ta miƙa masa ɗan ƙullin tsumma. A ciki akwai allura, da basilla, da zare, da gutsuren kaki.

Ya ce, "Tsohuwa, hatsi za ni nema, ba ɗinki ba."

Ta ce, "Na sani. Ba shi da nauyi."

Ya karɓa don kada ta ji haushi. Ya cusa cikin hula inda ba mai gani.

Suka yi kwana tara a hanya, suka isa Bakin Gulbi. Suka ba da awaki, aka cika musu taiki shida da gero, manyan jakunkunan nan na fata. Kowane jaki biyu. Da za su juyo, Jatau ya ce, "In muka bi hanyar da muka zo, kwana tara. In muka ratsa daji, kwana biyar. Amma ba rijiya sai a rana ta huɗu."

Dogo ya ce, "Ni ina tsoron dajin nan."

Korau ya tuna idon Yalwa. Ya ce, "Kwana huɗun da za mu rage, wani yaron ba zai kai su ba. Mu ratsa."

Suka cika salka biyu da ruwa, suka ɗaura, suka shiga daji.

Rana ta farko da hantsi, sai jakin Dogo ya durƙusa. Aka ɗaga shi, ya sake durƙusawa. Aka sauke kaya, sai ga akumari ya ɓarke, abin nan mai taushi da ake ɗora wa jaki kafin kaya. Ciyawar ciki duk ta zube, igiya ta ci bayan jaki har jini.

Jatau ya ce, "A ba shi sanda, zai tashi."

Dogo ya ce, "Shi ke nan, sai mu bar taiki biyu a nan. Gidaje nawa ke nan za su kwana da yunwa?"

Korau ya taɓa hularsa, ya sauke hannu. Kunya ta kama shi. Sai ya ce, "Ku je ku samo ganyen da za a sa masa a ciwon. Ni zan tsare kaya."

Suna ba da baya, ya ciro ƙulli. Ya yagi ƙasan rigarsa, ya yanko busasshiyar ciyawa ya cusa, ya bar rami daidai wurin ciwon don kada ya taɓa. Ya ɗinke tsaf, ya mayar da ƙulli cikin hula, ya kishingiɗa kamar mai gyangyaɗi.

Suka dawo. Jatau ya juya akumari, ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Korau ya ce, "Ni dai barci ya ɗauke ni."

Dogo ya ce, "Aljanu ne! Mu bar wurin nan."

Jatau ya dubi ƙasan rigar Korau, ya dubi mahon akumari. Ya ce, "Aljanin nan kuwa rigarku iri ɗaya." Aka ɗora kaya, jaki ya miƙe, ya kama tafiya kamar ba shi ba.

Rana ta biyu da azahar, Dogo na baya, sai ya ga zabi na binsu suna tsattsaga. Ya duba ƙasa, sai ga gero ya yi layi a kan hanya, har iyakar ganinsa. Ya ɗora hannu a ka. "Wayyo! Taiki ya ɓarke!"

Ɗinkin gindin taikin Jatau ne ya saki. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tsiyaye. Suka kwantar da shi, suka koma da baya a kan gwiwa, suna tsince gero daga yashi, suna kokawa da tururuwa. Suka tara abin da suka iya a cikin riguna. To, a ina za a zuba? Sauran taikunan a cike suke maƙil.

Yanzu ba wurin aiken kowa. Korau ya cire hula, ya kwance ƙulli a gabansu.

Jatau ya ƙyalƙyale da dariya. "Korau! Kai da ka ce maho na matsiyata ne?"

Korau ya ce, "Na faɗa. Riƙe mini nan."

"Yaushe ka koya?"

"Lokacin da kuka daina zuwa gaishe ni. Matse da kyau."

Jatau ya riƙe, Dogo ya riƙe. Fatar ta bushe ta yi tauri. Korau ya ɗan jiƙa ta da ruwa, yana soka yana ja, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Saura suka uku a gama, sai basilla ta ce ƙaras, ta karye biyu. Ya ƙarasa da guntun da ƙyar. Zare ma ya ƙare a nan, ko na ɗaurin yatsa bai rage ba. Amma taiki ya riƙe. Suka juye gero, suka ɗaure, Jatau ya girgiza shi da ƙarfi, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Dogo ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Rana ta uku ita ce mai wuya. Salka ɗaya ta riga ta ƙare. Ɗayar ce rayuwarsu, su da jakuna, har gobe da yamma. Rana ta take, ƙasa kamar garwashi. Suna ratsa wani surƙuƙin ƙaya, sai jakin Korau ya ga maciji, ya zabura. Wani busasshen reshe ya kama salka, ya keta ta a ciki. Ruwa ya tsarto.

Dogo ya yi tsalle ya damƙe wurin da hannu biyu. Suka sauke ta a hankali, suka juya yagar sama. Duk da haka ruwa na bin yatsunsa yana sauka, yashi na shanyewa.

Dogo ya fara kuka. Ya ce, "Mun mutu. Mu mutu nan, su mutu can."

Jatau, mai faɗan nan, muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Korau, ɗinka mana."

Korau ya ce, "Da me? Basilla ta karye. Zare ya ƙare. Kuma yagar nan ba ta haɗuwa, sai an ɗora fata a kai."

Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa.

Korau ya dubi ƙirjin rigarsa. Aikin zare ne mai kyau, wanda saboda shi ya ba da akuya biyu. Ya ce, "Jatau, ba ni wuƙarka." Ya sa bakin wuƙa ya tsinke aikin, ya dinga zaro zaren silli-silli. Ya haɗa huɗu, ya murza a cinya, ya goge da kaki. Ya ce, "Ga zare. Saura fata mai laushi."

Jatau ya shafa aljihu, ya ciro wata aba. Zabirar tabarsa ce, 'yar jakar fata da ko matarsa ba ta taɓawa. Ya zazzage tabar a ƙasa, ya miƙa. Ya ce, "Yanka."

Korau ya yanko maho. Ya karyo doguwar ƙaya mai tsini, ita ce za ta huda fata, ƙaramar allura ta bi da zare. Ya yi sauri, ya zagaye maho, ya ce, "Dogo, saki."

Dogo ya saki. Ruwa ya fito ta ko'ina.

Korau ya ce, "Riƙe! Na soka nesa da juna." Ya warware. Ya sake. Wannan karon da ya zo ƙullewa, ya ja da ƙarfi, zare ya tsinke, gefe guda ya buɗe.

Jatau ya ɗaga salka kaɗan ya ji nauyinta. Ya ce, "Rabi ya tafi."

Korau ya ajiye allura. Ya share gumi. Ya rufe ido, ya ja dogon numfashi. Sai suka ji yana wani abu ƙasa-ƙasa.

"Soka nan, ɓullo can,
Ja zare, kar ka tsinka,
Kusa da kusa, ɗan jikana,
Kamar sawun tururuwa."

Dogo ya ce, "Jatau, rana ta taɓa masa kai."

Jatau ya ce, "Rufe baki ka riƙe."

Korau ya bi a hankali, huda kusa da huda. Ya zagaye sau ɗaya. Ya sake zagayewa a layi na biyu. Ya narkar da sauran kakin a tafin hannu, ya shafe kan ɗinkin. Ya ce, "Saki."

Dogo ya ce, "Ina tsoro."

"Saki."

Ya saki. Ɗigo ɗaya ya fito, ya tsaya a bakin zare. Suka zuba masa ido. Wani ya biyo. Suka jira na uku. Suka jira. Fata ta sha ruwa ta kumbura, ta matse zaren. Na uku bai zo ba.

Jatau ya juya salka, maho ya koma ƙasa. Shiru. Ya girgiza ta. Shiru. Sai ya zauna daɓas a kan yashi yana dariya, hawaye na zuba. Dogo ya kasa miƙe yatsunsa, sun ƙage, sai da aka murza masa su. Kowa ya sha maƙwarwa uku. Aka jiƙa wa jakuna baki. Ruwan nan, da lallaɓawa, shi ya kai su rijiya. Da suka hango bakinta washegari, jakunan ma da gudu suka ƙarasa.

Rana ta biyar da la'asar suka shigo Tungar Kanya. Gari tsit. Ba hayaƙi, ba ƙarar turmi, ko kare bai yi haushi ba. Korau ya saki jaki, ya ruga gida. Ya yi sallama, ba amsa. Ya leƙa ɗakin Tsahara, ba kowa. Ya shiga ɗakin Daso, sai ga ta kwance miƙe, an lulluɓe ta da zane har ka.

Ya durƙusa. Ya ce, "Inna lillahi. Tsohuwa, ba ki jira ni ba?"

Sai zane ya motsa. Murya ta fito daga ciki, "Wane ne wannan ya tare mini iska? Ƙudaje sun hana ni barci, kai ma ka zo?"

Korau ya faɗi zaune. Ya ce, "Ina mutane? Ina Yalwa?"

"Suna busasshen tafki, suna tonon saiwar bado. Uwarta ta goya ta. Ka kawo geron, ko surutu ka kawo?"

Kafin ya amsa, sai ya ji guɗa daga bakin gari. Wata ta hango jakuna. Mutane suka dinga ɓullowa, masu gudu na gudu, masu jan ƙafa na ja. Mai gari ya sa aka raba gero gida-gida, aka ware taiki ɗaya na iri. Aka duba, tun tafiyarsu ba a rasa rai ko ɗaya ba. Kafin rana ta faɗi, turame sun amsa ta kowace kusurwa.

Tsahara ta dama kunu mai ruwa-ruwa, don cikin da ya daɗe ba abinci ba a cika shi farat ɗaya. Korau ya ɗauki Yalwa a cinya, ba ta fi nauyin kaza ba. Ya ba ta ludayi ɗaya. Ta haɗiye. Ya ba ta na biyu. Ta lashe leɓe. Ta ɗago ido ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Baba, ƙara mini. Kuma wari kake yi kamar jaki."

Tsahara ta toshe baki da zane, dariya da kuka suka haɗe mata. Korau ya ce, "Faɗi duk abin da kike so, 'yar nan. Yi ta magana."

Ta kuwa yi ta yi, har ya yi barci a zaune da ludayi a hannu.

Ƙurunƙus kan kusu, iyakarta ke nan.

Gwaggo Hakama ta naɗe ƙafafu. Ta ce, "Kun ji dai. Abin da ya lalace a gyara shi, ba kunya a ciki. Kuma abin da hannunku ya koya, ba mai ƙwace muku shi a hanya. Ku tashi, kowa ya karkaɗe shimfiɗarsa."